Sabar ajiye hotuna da bidiyo a gida: amsa ga ɗan'uwa mai ɗaukar biki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, da farko dai jaje, Allah ya mayar maka da alheri. In na fahimce ka daidai, sana'arka ɗaukar hoto da bidiyon biki ce, ka tara aiki kusan 6TB a had disk na waje guda biyar, ɗaya ya fara ƙara ƙas-ƙas ya daina buɗewa alhali akwai bikin mutane a ciki da ba ka gama ba su ba, shi ne kake son haɗa saba a gida ka tattara komai wuri ɗaya, ka riƙa kallo a talabijin da waya, kuma ka ce kana da ɗan sola amma kuɗi ba su da yawa. Shekaruna da dama ina haɗa wa ofisoshi da shaguna irin wannan abu, ni ma akwai ta a gidana, don haka zan faɗa maka yadda zan yi da ni ne.

Amma kafin maganar saba, wannan disk ɗin da ke ƙara, don Allah cire shi ka ajiye, ka daina jona shi kana gwadawa. Ƙarar nan da kake ji allurar da ke karanta faifan ce take kai da komo ta kasa samun wurinta, duk sanda ka sake kunnawa tana iya karce faifan, kuma wurin da ta karce ya tafi ke nan har abada. Kar ka sa shi a firiji kamar yadda wasu ke cewa, kar ka bari wani ya kwance shi a kan tebur a shago, ƙura ɗaya tak ta isa ta ƙarasa shi. In Windows ta ce maka ka yi fomat, ka ce a'a. Da a ce shiru ya yi ba ƙara, da sai in ce a duba kebul ko ɗan allon USB ɗin gidansa don sau da yawa shi ne ke mutuwa disk ɗin lafiyarsa lau, sai a ciro shi a jona kai tsaye ta SATA, wato ramin da ake jona disk a cikin kwamfuta (duk da wasu ƙananan na WD an like musu USB ɗin a jikin allo, ba sa ciruwa). Da kuma yana buɗewa yana sanƙarewa ne, akwai manhajar ddrescue da ake kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani disk sannan a bi da PhotoRec a tsamo hotunan. Amma mai ƙara sai masu ɗakin da aka tanada don wannan aikin, kuma ka shirya kuɗi. Ka kira masu bikin ka faɗa musu gaskiya tun yanzu, ya fi su ji a bakin wani.

To yanzu ga inda nake son ka nutsu. Ka rubuta cewa in ka haɗa saba shi ke nan ka huta da asara. Ba haka ba ne wallahi. Saba ba komai ba ce illa kwamfuta da ke zaune a kunne da disk a cikinta, sauran na'urorin gida suna shiga ta rauta suna ɗauka suna ajiyewa. In ka kwashe disk biyar ɗin nan ka juye a cikinta sannan ka goge su, abin da ka yi kawai shi ne ka tattara asarar da a da za ta zo maka kashi-kashi ka mayar da ita ta rana ɗaya. An yi gudun gara an faɗa zago. Sabar tana ba ka tsari da sauƙi, bakof kuwa wani abu ne daban, shi ne kwafi na biyu da na uku da ba sa cikinta. Mafi yawan mutanen da ke zuwa wurina suna kashe kuɗin duka a kan akwatin mai kyalli, in an zo maganar disk na bakof sai a ce "sai wata mai zuwa", watan nan kuma ba ya zuwa.

Mu fara da lissafin wuri. In kamararka tana ɗaukar 4K a kan 100 Mbps, minti ɗaya 750MB ne, awa ɗaya 45GB. Biki guda in an haɗa kamu da ɗaurin aure da dina da kai amarya, kamara biyu, ga hotunan RAW, ba abin mamaki ba ne ka tashi da 300GB ko fiye. Kai ka san adadin bikin da kake yi a shekara, musamman bayan ƙaramar sallah da ƙarshen shekara da aure ke yawa, sai ka ninka. Kana da 6TB yanzu, don haka kar ka ma kalli disk 4TB. Mafi ƙaranci 8TB, in da hali 12. Kuma ka sani 8TB in ka jona za ka ga wajen 7.2 ne, ba cutarka aka yi ba, kamfanoni da dubu suke ƙirga ita kuma kwamfuta da 1024. Sannan ba a son a cika shi maƙil, ka bar kamar kashi 20 cikin ɗari a sarari. Wani abu kuma da ba na fasaha ba: ka yanke wa kanka doka, ɗanyen bidiyo wata nawa za ka riƙe bayan ka miƙa aiki, wanda aka tace kuma shekara nawa, ka riƙa faɗa wa masu biki tun ranar ciniki. In ba haka ba ka zama ma'ajiyar kowa kyauta, bayan shekara shida amarya ta kira ka ta ce wayarta ta faɗa ruwa.

Akwatin kansa hanya biyu ce. Ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa, irin na Synology ko QNAP, ka zura disk biyu ka kunna, manhajarsu tana da sauƙi ƙwarai kuma ba sa shan wuta, sai dai tsada, kuma akwatin kawai ake sayar maka babu disk. Ko kuma ka sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ke jibge a Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Tunda ka ce aljihu ba nauyi, ta biyun zan ba ka shawara. Ka nemi Core i5 ko i3 daga ƙarni na 7 zuwa sama, dalili shi ne ɗan sashen bidiyo na Intel da ake kira Quick Sync daga wannan ƙarnin yake iya sarrafa HEVC mai 10-bit, wani salon matse bidiyo, da kansa ba tare da ya wahalar da furosesa ba, zai yi maka amfani in ka zo kallo a waya. RAM 8GB ya yi, 16 ya fi. Abin da mutane ke mantawa: ka sa a buɗe ta a gabanka ka ƙirga gurbin disk manya da ramukan SATA. Siraran nan yawanci disk babba ɗaya suke ɗauka, ƙananan kamar littafi kuwa ba sa ɗauka ko ɗaya. Doguwar ka nema. Sai ɗan SSD ƙarami 120GB ko 256 da manhajar sabar za ta zauna a kai ita kaɗai, ba a haɗa ta da kayan ajiya.

Raspberry Pi fa, 'yar kwamfutar nan mai kamar tafin hannu? Na san za a ce maka shi. Yana da kyau don koyo, wutarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma disk ta USB za ka rataya masa, wayoyi ko'ina, yaro ya ja ɗaya aiki ya tsaya. Ga mai sana'a ban ba da shawara ba.

Disk, nan ne kuɗinka ya kamata su tafi, kuma nan ne aka fi cin mutane. Ka sayi waɗanda aka yi don zama a kunne dare da rana, Seagate IronWolf ko WD Red Plus. Ka lura da kalmar Plus ɗin nan. A 2020 an yi ta surutu da aka gano wasu WD Red daga 2TB zuwa 6TB na amfani da salon rubutu da ake kira SMR, wanda layukan ke hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi, in za a sake rubuta layi ɗaya sai an taɓa na kusa da shi, sai ka ga disk ya yi ta jan ƙafa, a cikin saba har a ɗauka ya mutu a fitar da shi. Bayan nan ne suka ware Red Plus a matsayin CMR, wato na asali. Duk disk ɗin da za ka saya ka ɗauki lambar samfurinsa ka bincika, CMR kake so.

Kuma kar ka bar shagon sai ka gwada. Ka je da laftof da ɗan adafta, ka sa CrystalDiskInfo, kyauta ce. Ka duba awannin da ya yi a kunne, shekara ɗaya awa 8,760 ce. Akwai ranar da wani ya kawo min disk a leda a like tsaf, da kwalinsa, aka ce masa sabo dal, muna jonawa muka ga ya haura awa dubu talatin, wato ya yi sama da shekara uku yana aiki a wani wuri kafin a goge masa jiki a sa a leda. Ganin kitse aka yi wa rogo. Ka duba layi mai lamba 5 da 197 da 198, su ne ke nuna wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa, in ba sifili ba ne ka mayar masa da kayansa. Wasu 'yan kasuwar sun iya goge wannan lissafin ma, shi ya sa in ka kai gida za ka sa shi dogon gwajin SMART, wato gwajin lafiyar da disk ke yi wa kansa, mai 8TB kan kwashe fiye da rabin yini, kafin ka zuba masa ko hoto ɗaya. Ka yi ciniki a kan cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Irin filashin nan da ake rubuta wa 2TB ana sayarwa kuɗin cefane kuwa kar ma ka tsaya, ƙarya ce aka rubuta a ƙwaƙwalwarsa, zai yi ta karɓar fayil yana taka na baya, sunaye na nan amma ciki babu komai. Manhajar H2testw na tona masa asiri.

Sai wuta, wadda ita ce ainihin abin da ya bambanta mu da masu bidiyon YouTube na Turai da Amurka da za ka je ka kalla. Su ba sa ma kawo maganar. A nan kuwa rabin disk ɗin da aka kawo min a mace ba tsufa ya kashe su ba, ɗauke wuta da kawo ta ne. Disk na tsaka da rubutu a ɗauke, a dawo da ita bayan minti biyu, a sake ɗaukewa, ko a tayar da janareta a juya canji wuta ta yi tsalle. Tunda kana da sola, sabar ta zauna a layin inbata kullum, ba a layin da ake juyawa ba. Inbatar ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wadda aka rubuta wa pure sine wave, kuma ka shiga saitinta ka sa ta a yanayin UPS don ta riƙa juyawa da sauri, domin kwamfuta abin da take iya jurewa ba wuta bai fi kamar kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ba. Duk da haka ka ƙara ɗan UPS mai ramin USB a tsakani. Ba don ya riƙe ta awanni ba, a'a, amfaninsa shi ne in batirin sola ya ƙare da asuba, UPS ɗin zai gaya wa sabar ta kebul ɗin nan cewa wuta ta tafi, ita kuma ta rufe kanta cikin mutunci. Manhajar da ke wannan aikin NUT ake ce mata, tana cikin duk tsarin da zan ambata. A BIOS kuma, wato saitin kwamfutar da ake shiga da zarar an kunna ta, akwai saitin da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta dawo, a Dell AC Recovery suke kiransa.

Shan wutarta ba wani abin tsoro ba ne. Irin wannan kwamfutar da disk biyu in tana zaune ba aiki sosai, ka ƙaddara wat 30. Sau awa 24 sau kwana 30 ya ba ka yunit 21 da ɗoriya a wata. Ko a Band A kake, rukunin da ya fi tsadar wuta, inda aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, lissafin bai kai dubu biyar ba. Inda za ka ji shi shi ne batir da dare, awa goma sha biyu wat-awa 360 ne daga batirinka. Kuma ba farilla ba ne ta kwana a kunne. Tawa ta gida ƙarfe sha ɗaya na dare take kashe kanta ta tashi bakwai na safe. Kunnawa sau ɗaya a rana ba ya cutar da disk, fizgar wuta ce ke cutar da shi. Da damina kuma in hadari ya haɗo da tsawa, in kana da eriya ko kebul da ya fita waje zuwa rauta, cire shi, tsawa ta fi shigowa ta nan.

Zafi da ƙura. A watan Afrilu da inuwa ma ke kai digiri 40, in ka kulle ta a cikin kabad saboda yara ka dafa disk ɗinka. Ana son su zauna ƙasa da 45, ka sa fanka ɗaya tana hura su kai tsaye, ka ɗora ta a kan tebur ba a ƙasa ba. Bayan hunturu ka buɗe ta. Na taɓa buɗe wata a wani shagon buga takardu, ƙurar da ta taru a fankar furosesa ta zama kamar auduga, na ciro ta dunƙule guda da ɗan yatsa, fankar ma ta daina juyawa mai shagon bai sani ba, shi dai ya ce tana kashe kanta da azahar. Abin hura iska da burushi, minti goma, sau biyu a shekara.

Manhaja. Kar ka bar Windows a kai. TrueNAS ko OpenMediaVault, duka kyauta ne, ana sarrafa su ta burauza daga laftof ɗinka, sabar ba ta buƙatar allo bayan an gama girkawa. OpenMediaVault ta fi sauƙin nauyi. Ni TrueNAS na fi so saboda ZFS, tsarin ajiyar da kamfanin Sun ya fitar a 2005, don yana yin abu biyu da mai hoto ke buƙata. Na ɗaya, duk abin da ya rubuta yana ajiye masa hatimi, in ka sa shi ya riƙa zagayawa duk wata yana dubawa, in ya tarar wani guntu ya ruɓe a disk ɗaya sai ya gyara daga ɗayan. Ka san hoton nan da za ka buɗe bayan shekaru ka ga rabinsa ya koma toka-toka? Wannan ke hana shi. Na biyu shi ne snapshot, wato yana riƙe yadda folda take a wani lokaci, in yaron shagonka ya goge foldar biki jiya, ko bairos mai kulle fayiloli ya shiga ta laftof, sai ka koma na shekaranjiya ka ɗauko. Ka saita shi kullum sau ɗaya ya riƙe na wata guda, ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya canja.

Disk biyun za ka haɗa su madubi, abin da ake kira RAID 1, duk abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan, 8TB biyu su ba ka 8 ba 16 ba. Na san zai yi maka ciwo. Kar ka yarda wani ya ce ka yi RAID 0 don ka samu 16 ɗin, a nan in ɗaya ya mutu duka sun tafi. Amma ka ji ni da kyau, madubin nan maganin abu ɗaya ne kacal, mutuwar disk guda. In ka goge abu, a duka biyun ya gogu nan take. In wuta ta ƙona akwatin, tare suke ciki. In ɓarawo ya shigo ba zai bar maka ɗaya don tausayi ba. Ruwan sama ya zubo ta rufi, haka.

Shi ya sa ake bin ƙa'idar nan ta 3-2-1, wadda ma wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ta, ɗan sana'arku ne: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya ba a gidan ba. Sabar ɗaya ce a lissafi duk da disk biyun da ke cikinta. Ga yadda zan yi da kayan da ke hannunka. Disk huɗun nan da suka rage kar ka goge su, bayan ka juye su a saba ka rubuta musu kwanan wata a jiki ka ajiye, sun zama bakof na tsohon aiki a kyauta. Sai ka sayi babban disk na waje guda ɗaya, in hali ya samu daga baya ka ƙara na biyu. Duk Juma'a ka jona shi, sabar ta kwafa masa abin da ya ƙaru, ka cire. Cirewar nan ita ce maganar, bakof ɗin da ke jone kullum duk abin da ya sami sabar zai same shi. In sun zama biyu sai ka riƙa musaya, ɗaya na gida ɗaya na gidan su Hajiya ko shago, duk sati biyu ka kai wannan ka ɗauko wancan. Kuma tunda zai bar hannunka ka kulle shi da kalmar sirri, hotunan matan mutane ne a ciki, wasu a wurin kamu ba mayafi, amana ce, in ya ɓace a adaidaita ka san abin da zai biyo baya. Kalmar sirrin ka rubuta a takarda ka ba wani naka da ka yarda da shi, in ta ɓace ko ni ba abin da zan iya yi maka.

In da ma kuɗin ba za su kai ga duka ba, a ce disk biyu kawai za ka iya saya, to ni da in yi madubi in zauna ba bakof gara in sa ɗaya a saba ɗaya a waje yana zuwa duk sati. Masu sayar da kaya ba za su faɗa maka haka ba.

Ajiya a intanet kuma fa, kamar Google Drive? 15GB suke bayarwa kyauta, kuma tun 1 ga Yunin 2021 hotunan Google Photos ma a cikinsa ake ƙirga su, bai kai maka rabin awa na 4K ba. Akwai irin su Backblaze B2 da a 2024 suke karɓar wajen dala 6 a wata kan kowane TB, ba laifi, matsalar ɗorawa ce. In layinka na tura 10 Mbps ba tsayawa, 1TB sai ya yi kwana tara da 'yan awanni, kai kuma kana da shida, ga kuɗin data. Abin da ya dace da intanet shi ne zaɓaɓɓu: hotunan da aka tace, bidiyon ƙarshe da aka miƙa, takardunka, hotunan iyalinka. Ɗanyen ya bi disk a aljihu. Kuma don Allah WhatsApp ba ma'ajiya ba ce, matse hoto yake yi ya rage masa inganci sai dai in a matsayin dokumen ka tura.

Jona sabar da kebul za ka yi zuwa rauta, ba Wi-Fi ba, laftof ɗin aiki ma haka. Layin gigabit na ba ka kusan 110MB a daƙiƙa, 1TB cikin awa biyu da rabi. Ka duba rautarka, da yawa cikin waɗanda kamfanonin waya ke bayarwa raminsu 100 Mbps ne kawai, in haka ne sayi ɗan suwic na gigabit mai rami biyar ka jona su duka a kai. Tace bidiyo kuwa ka yi shi a SSD na laftof, in ka gama ka tura saba, kar ka wahalar da kanka da tacewa ta kebul.

Kallo a talabijin shi ne mafi sauƙi a duk maganar. Ka sa Jellyfin, kyauta ce gaba ɗaya, tana da manhajar Android TV da ta waya, za ta jera maka komai har da karatuttuka da tafsirin da ka ce kana tarawa. Plex ma na nan amma daga 2025 kallo daga wajen gida sai ka biya. Na hotunan waya kuma Immich, da ka shigo gida waya ta hau Wi-Fi za ta tura sababbin hotuna da kanta, uwargida ma ka buɗe mata nata asusun daban. Su kansu masu Immich suna gargaɗin kar ka dogara da ita kaɗai, don haka foldarta ta shiga cikin abin da ake kwafa ran Juma'a.

Shiga daga waje, a ce kana wurin biki a Zariya kana son nuna wa wani samfurin aiki. Za ka ga ana koyar da buɗe ƙofa a rauta. Kar ka yi. A Janairun 2022 wani bairos mai suna DeadBolt ya bi dubban akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet ya kulle fayilolin mutane yana neman fansar bitcoin 0.03 kan kowane. Ga shi ma yawancin layukan waya, har da Starlink a tsarinsa na gida, ba sa ba ka adireshin kanka a intanet, kai da mutane da yawa kuke raba ɗaya, don haka buɗe ƙofar ba zai ma yi aiki ba. Tailscale za ka sa a sabar da wayarka, kyauta ne ga mai amfanin kansa, yana haɗa su ta ɓoyayyar hanya kamar kana cikin gida, ba wanda ke ganin sabar daga waje. Saita shi bai fi minti goma ba.

Sauran kuma ɗabi'a ce. Foldoji ka sa musu shekara da wata da rana a gaba, kamar 2025-01-18 sannan sunan bikin, za su jeru da kansu, ka daina "sabo", "sabo na biyu", "na ƙarshe gaske". Memorin kamara kar ka yi masa fomat sai aikin ya zauna a wuri biyu, in hakan na nufin ƙara sayen memori biyu to saya. Ka saita sabar ta riƙa turo maka imel in disk ya fara ciwo, don na sha ganin madubin da ɗaya ya mutu wata shida ba wanda ya lura sai da na biyun ya bi shi. In za ka yi amfani da FreeFileSync ko rsync wajen kwafa, ka kula da saitin da ke goge abin da babu shi a asali, in ka juya kibiyar ta koma baya fankon disk zai shafe cikakken.

Sannan duk bayan wata uku, ɗauko disk ɗin bakof, jona shi a wata kwamfutar daban ba sabar ba, zaɓi biki ɗaya na bara, buɗe bidiyon ka ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe, buɗe hotuna goma. Wani mai situdiyo da na haɗa wa ya yi wata takwas yana jona disk duk sati yana ganin fitila na ƙyaftawa, ashe tun sati na uku sunan foldar ya canja, fanko ake ta kwafa masa. Da ka sayo kwamfutar, turo min hoton cikinta a buɗe da lambar disk ɗin kafin ka biya kuɗinsu, in duba maka.